"In ji wa?": Yadda za mu kafa hujja da abin da muka samo a intanet

  Na gode da kuka bar hidimominku kuka zo, musamman waɗanda suka taso tun daga Tibiri da Jiratawa.

Abin da zan yi magana a kai yau, wasu za su ga kamar aikin ƴan jami'a ne kawai: yadda ake ambaton shafin intanet, ko rubutun Facebook, ko bidiyon YouTube da TikTok a cikin memuwar ko rahoto. Ni kuwa ina ganin ya shafi duk wanda ke riƙe da waya a wurin nan. Tambaya guda ce a ƙarƙashinsa, kuma kowa ya san ta tun yana yaro. In ka shigo gida da labari, kafin tsohuwa ta ce komi sai ta tambaye ka: in ji wa? In ka ce "an ce", ta ce "wa ya ce, a ina ka ji, yaushe?" To ambaton madogara amsar wagga tambaya ce a rubuce, ta yadda wanda bai san ka ba zai iya bin sawunka ya je ya ga abin da ka gani.

Duk wanda ya saba buɗe memuwar ɗin ɗalibai ko rahoton ƙungiyoyi ya sha ganin hoto ko alƙaluma da aka rubuta a ƙarƙashinsu "Source : Internet", ko "Source : Google". Wannan daidai yake da a tambaye ka inda ka sayo magani, ka ce "a kasuwa". Wace rumfa? Hannun wa? In maganin ya cutar, wa za a kama? Google ɗan jagora ne, shi ya nuna maka ƙofa, amma gidan yana da mai shi, kuma sunan mai gidan ake son ka faɗa. Mu ma ba baƙin wannan tarbiyya ba ne. Wanda ya zauna gaban malami ya ɗauki hadisi ya san ba a karɓar magana sai an ji isnadinta, wane daga wane, kuma a duba ko masu ruwayar amintattu ne. Abin mamaki, yaron da ya san haka a makarantar zaure, da ya buɗe kwamfuta sai ya manta.

Akwai malaman da ke yanke magana su ce: kada in ga Facebook ko YouTube a cikin aikinka. Na fahimci dalilinsu, sun gaji da shirme. Amma ku duba wani abu. A 1945 gulbi ya cika ya ci tsohon garin Maraɗi da ke cikin fadama, shi ya sa aka tada gari aka maido shi kan tudu inda muke yanzu. Abin da muka sani game da wancan tsohon gari, daga bakin dattawa ya fito, da takardun hukuma, da littattafan masu bincike irin su Philippe David, wanda ya yi rubutu kan tsohon garin a shekarun 1960, da Emmanuel Grégoire, mai littafin Alhazan Maraɗi na 1986. Yanzu ku zo kan damanar 2024. Kowa a nan ya ga ruwan ƙarshen watan Agusta, gidaje suka rushe, aka rasa rayuka, mutane suka koma cikin azuzuwa, har aka ɗage komawa makaranta a ƙasa baki ɗaya zuwa 28 ga Oktoba. Ina shaidar wannan damana take? Mafi yawanta tana cikin wayoyinmu: bidiyon da wani ya ɗauka ruwa na bin unguwa, sanarwar da aka liƙa a Facebook, saƙon murya da aka tura. Ɗalibin jami'ar Dan Dicko Dankoulodo da zai yi bincike kan ambaliyar nan ba zai iya kauce ma waɗannan ba. Don haka hana shi ba mafita ba ce. A koya mashi yadda zai riƙe su.

Abu na farko da ya kamata mu sani, intanet tana mantuwa. Muna ɗauka abin da ya hau ya hau kenan har abada, alhali ba haka ba ne. Cibiyar bincike ta Pew a Amurka ta fitar da rahoto a watan Mayu 2024, ta ce kashi 38 cikin 100 na shafukan da ke akwai a 2013 ba a iya buɗe su bayan shekara goma. Ta kuma gano cewa kusan ɗaya cikin biyar na rubuce-rubucen Twitter suna ɓacewa daga idon jama'a cikin ƴan watanni. Kafin nan, masu bincike a jami'ar Harvard sun duba adireshin shafukan da ke cikin hukunce-hukuncen kotun ƙolin Amurka, suka tarar kusan rabi ba su kai mutum ga abin da alƙalan suka ambata. In kotun ƙolin Amurka ta faɗa wannan rami, ina ga memuwar ɗinka? Mu nan ma mun ga alamu. A watan Maris 2025 gwamnatin Amurka ta dakatar da ayyukan Muryar Amurka, sashen Hausa ya yi shiru. Hirarrakin shekaru da dama da aka yi da manomanmu da ƴan kasuwarmu, zamansu a intanet ya rataya ga shawarar wasu da ba su san inda Maraɗi take ba. Ga kuma mai shafi da zai goge rubutunsa don ya ji tsoro, ko a rufe mashi asusu, ko ya gyara maganarsa bayan ka riga ka ɗauka.

To mi za ka rubuta? Abu shida ne, ku riƙe su kamar yadda kuka riƙe lambar wayarku. Wa ya yi maganar, mutum ne ko ma'aikata. Yaushe aka wallafa, rana da wata da shekara. Mine ne takenta. Wane iri ce, shafi ne, ko rubutun Facebook, ko bidiyo. Cikakken adireshin wannan shafin kansa, ba na ƙofar gidan ba. Sai ranar da kai ka duba, abin da ake rubuta ma "consulté le". Tsarin jerawa ya bambanta. Wasu sassan jami'a suna bin APA, wanda bugunsa na 7 ya fito a 2019, wasu suna bin ISO 690. Ka tambayi malamin da ke duba aikinka wanne yake so, ka bi shi daga farko har ƙarshe. Amma ko wanne ka bi, waɗannan shida su ne kayan miyar.

Bari in ba da misali da shafi. Kana son ka faɗi yawan mutanen birnin Maraɗi. Ka buga a Google, lambobi uku ko huɗu suka fito, kowace daban. Kada ka ɗauki wadda ta fi maka daɗi. Ka tambaya: wa ke ƙidayar mutane a Nijar? Hukumar ƙididdiga ta ƙasa ce, INS. Ƙidaya ta huɗu, ta 2012, ta ba birnin Maraɗi mutum 267,249, ƙasa baki ɗaya kuma 17,138,707. Sauran lambobin da ka gani na shekarun baya-bayan nan hasashe ne da aka gina kan waccan ƙidaya, kuma ba laifi ka kawo hasashe, muddin ka ce hasashe ne, na wane, na wace shekara. Wanda ya rubuta "INS, ƙidayar 2012" ya sa adireshin rahoton da lambar shafi, ya tsaya da ƙafarsa gaban juri. Wanda ya rubuta "Google" tambaya guda za ta kada shi.

Yanzu rubutun kafofin sada zumunta. A nan aiki na farko shi ne neman tushe. Abin da ya iso wayarka sau da yawa ya bi hannu goma. Wanda ya tura maka ba shi ne mai magana ba. Ka koma baya har ka samu shafin da ya fara wallafawa, ka duba ko shafin na gaskiya ne, tun yaushe aka buɗe shi, mi ya saba wallafawa. In sanarwar ma'aikata ce, ka neme ta a shafin ma'aikatar, domin takarda mai hatimi ba ta da wuyar ƙirƙira a yau. In ka samu, ka taɓa ranar da ke saman rubutun ko ka kwafi adireshinsa, shi ne adireshin wannan rubutu shi kaɗai. Tunda rubutun Facebook ba shi da take, tsarin APA ya ce ka ɗauki kalmomi 20 na farko su zama takensa, kuma ka bar su yadda mai su ya rubuta, ko da kuskure.

Hoto shi ya fi haɗari, kuma zan kawo misalin da ke da ciwo a zuciyar kowa a nan. A watan Afrilu 2021 gobara ta kama azuzuwan zana a Yamai, yara kusan 20 suka rasu. Ranar 8 ga Nuwamba na wannan shekara, irin wannan musiba ta faɗa mana nan Maraɗi, yara ƙanana sama da 20 suka rasu. Allah ya jiƙansu, ya ba iyayensu haƙuri. Gobara biyu, wata bakwai tsakani, azuzuwa iri ɗaya. Hoton toka da ƙonannun tebura ba ya faɗa maka na wane gari ne. A ce ƙungiya ta rubuta rahoto kan azuzuwan zana a jahar Maraɗi, ta sa hoton Yamai ta ce na nan ne. Wanda ba ya son a yi maganar ba zai tsaya musu da shafi talatin na gaskiya ba. Hoton nan guda zai ɗaga sama ya ce: kun gani, maƙaryata ne. Shi kenan, an binne rahoton, yaran da ake son a kare suna nan cikin zana. Shi ya sa kafin ka sa hoto, ka saka shi a Google Lens ko TinEye ka ga inda ya taɓa fitowa da kuma yaushe. Minti biyu ne. In ba ka gano wanda ya ɗauka da ranar da aka ɗauka ba, ka bar shi. Kuma hoton gawa ko na yaro cikin wahala, ko ka san tushensa, ka tuna yana da uwa.

Sai bidiyo. A ce kana tarihi, kana bincike kan kafuwar Tibiri, inda Gobirawa suka yada zango wajejen 1836 bayan yaƙin Gawakuke. Ka samu bidiyo a YouTube, wani dattijon fada yana jero sarakunan Gobir. Abu ne mai daraja ƙwarai. Amma mutum biyu ke cikin bidiyon nan: wanda ya ɗora, da wanda ke magana. A jerin madogara, sunan tashar da ta ɗora ake sawa, don ta nan mai karatu zai same shi. A cikin rubutunka kuwa dole ka faɗi wa ke magana, mine ne matsayinsa a fada, da wane yare, kuma wa ya fassara in ka mai da maganar Faransanci. Ka sa minti da daƙiƙa, misali 14:20, kamar yadda ake sa lambar shafin littafi. Bidiyon awa guda ba wanda zai zauna ya ƙone mega yana neman jimla ɗaya. Ka kuma lura, ranar da aka ɗora daban, ranar da aka ɗauka daban. Ana iya ɗora hirar da aka yi shekara ashirin da suka wuce. Kuma Tibiri ba nisa. In dattijon yana raye, ka hau kabu-kabu ka je ka gaishe shi, ka ji daga bakinsa. Gani ya kori ji.

Akwai tambayar da nake son kowa ya riƙa yi ma kansa: wannan abu da na samo, shaidar mi ne? A ce ka ga bidiyo a TikTok, manomi a fadamar Jiratawa yana kuka cewa farashin zogale ya faɗi. Bidiyon shaida ne cewa manomi guda ya faɗi haka a rana kaza. Wannan kana iya rubuta shi ba tsoro. Amma ba za ka ɗauke shi ka rubuta "farashin zogale ya faɗi a jahar Maraɗi" ba. Don wannan sai ka nemi wasu shaidu: ka duba takardun da RECA ke wallafawa kan noman rani, ka tambayi ƙungiyar manoman wurin da ma'aikatan ONAHA, ka shiga kasuwa ka tambayi masu saye da sayarwa. In bincikenka kan jita-jita ne, rubutun ƙarya ma madogara ne, domin shi ne abin da kake nazari. Sai dai ka faɗa a sarari cewa kana kawo shi ne a matsayin abin da aka yaɗa.

To tunda mun ce intanet tana mantuwa, ya za a yi? Ka ajiye kwafi tun ranar da ka gani. Akwai ma'ajiyar Internet Archive da aka kafa a 1996, tana da wani sashe mai suna Wayback Machine. Ka liƙa adireshin shafi, ka ce ta ajiye, ta ba ka sabon adireshi mai ɗauke da ranar. Kyauta ne. Ko an goge asalin, wannan yana nan. Shafukan Facebook da TikTok sau da yawa ba su ajiyuwa da kyau a can, don haka ka yi kaptir, amma kaptir mai hankali: sunan shafi ya fito, rana ta fito, rubutun ya fito cikakke, sannan ka kwafi adireshin ka ajiye tare. Bidiyo kuma ka sauke shi. Kada ka bar komi a waya ɗaya. Waya tana faɗawa ruwa, ana sace ta, tana mutuwa. Ka sa a kile, ka tura ma kanka ta imel. Kun tuna yadda aka yanke intanet ta waya kusan kwana goma bayan zaɓen Fabrairu 2021. Wanda ke rubutu a lokacin, abin da ya ajiye shi kaɗai ya amfane shi. Mai kwamfuta ya sauke Zotero, manhaja ce ta kyauta da ke tattara madogara ta jera maka su. Wanda ba shi da ita, kaye ya isa: duk abin da ka duba, ka rubuta abu shidan nan a take. Daren da za a kai aiki wurin bugawa ba lokacin neman adireshi ba ne.

Yanzu maganar WhatsApp, kuma a nan nake son ku saurara da kyau. Saƙon guruf ko saƙon murya ba shi da adireshin da wani zai bi. A tsarin APA irin wannan ana ɗaukarsa zance ne tsakaninka da mutum, ana ambatonsa cikin rubutu, ba ya shiga jerin madogara. Wanda aka rubuta ma "an tura sau da yawa", wanda ba a san mai shi ba, ba ya zama hujjar komi sai hujjar cewa ya yawata. Sannan akwai amana. Abin da minista ko ma'aikata ko ɗan jarida ya wallafa a shafinsa don duniya ta gani, ka ambace shi da sunansa. Amma abin da wata baiwar Allah ta faɗa a guruf ɗin unguwa, ba ta faɗa don ya shiga memuwar ba. Dokar laifukan intanet ta 2019, wadda aka sassauta a 2022, an sake gyara ta a watan Yuni 2024 aka maido da hukuncin ɗauri kan ɓata suna da zagi da yaɗa abin da ka iya tada hankalin jama'a. Ke nan sunan mutum da ka liƙa a aikinka yana iya kai shi inda bai zata ba. Ka nemi izini. In ya ce a sakaya sunansa, ka sakaya, ka rufe lambar waya da hoton fuska a kaptir, ka bayyana a sashen hanyoyin bincike cewa ka yi haka da dalilinka. Juri mai hankali zai yaba maka.

Abu biyu na ƙarshe. Wikipedia wurin fara nema ce mai kyau, har da ta Hausa, kuma ina ƙarfafa ku ku shiga ku rubuta a cikinta. Amma ka gangara ƙasan shafin, ka bi madogaran da aka jera, ka karanta su, su za ka ambata. Sai ChatGPT da ire-irensa. Suna iya ƙirƙiro maka sunan littafi da marubuci da shekara, komi tsaf, alhali babu littafin a duniya. A 2023 wani alƙali a New York ya ci wasu lauyoyi tarar dalar Amurka 5,000 saboda sun kawo ma kotu shari'o'in da ChatGPT ya ƙirƙira. Ƙa'idar mai sauƙi ce: abin da ba ka buɗe da hannunka ka karanta da idonka ba, kada ya shiga jerin madogararka.

Ƴan uwa, na san halin da ake ciki. Ɗakunan karatu ba su wadata da sababbin littattafai ba, mega tana da tsada, wuta tana ɗaukewa. Wayar nan ita ce laburaren yawancinmu, kuma ba abin kunya ba ne. Amma nan da shekara talatin wani yaro da ba a haifa ba tukuna zai so ya san abin da ya faru a Maraɗi a damanar 2024, ko yadda manoman Jiratawa suka rayu a zamaninmu, ko abin da dattawan Tibiri suka riƙe. Aikinmu zai buɗe. In ya tarar da suna da rana da adireshi da kwafi, zai ci gaba daga inda muka tsaya. In ya tarar da "Source : Internet", sai ya fara daga farko, alhali dattawan sun tafi, shafukan sun goge.

Roƙona guda ne. Yau da dare, kowa ya zaɓi abu ɗaya da aka turo mashi a makon nan, ya bi sawunsa har tushe, ya rubuta abu shidan nan a takarda. In kun haɗu a fada ana shayi, ku kwatanta, ku ga nawa ne suka kai ga tushe, nawa ne suka ɓace a hanya. Wanda ya iya ya koya ma ƙanensa da ke lise.

 Mai tambaya ko gyara, ga fili.